Wanda ya taɓa hawan raƙumin ruwa ya zo ya ba ni shawara

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah kar a yi min dariya. Kwangilar da nake yi za ta ƙare ƙarshen watan 9, sai Janairu zan kama wani aikin, wato wata uku cur ba ni da abin yi. Na ɗan tara abin da na tara, kuma ni tun ina yaro duk sanda na ga mutanen nan a talabijin sun tsaya kan allo igiyar ruwa tana tafiya da su sai in ji wani abu ya tsaya min a rai. Safin suke ce masa. So nake in tafi wata ƙasar in zauna in koya da gaske, ba irin na a ɗau hoto a dawo ba. Wa ya taɓa yi, ina zan nufa, me zan riƙe?

Kawu Mai Goro: Wa alaikumus salam. Kai ɗan nan, duk raƙuman da ke Agadas ba su ishe ka ba sai raƙumin ruwa? Ka ma iya iyo tukuna?

Ɗan Fagge: Kawu na iya mana, a kududdufin unguwarmu muka koya, ba irin dukan da ba mu sha ba a kansa

Kawu Mai Goro: Kududdufi. To Allah ya kyauta.

Bazazzagi: Ɗan Fagge ka zo gidan sauƙi, ni na yi wannan haukar, wata huɗu na yi. Bayan na gama karatu a Rabat ta Maroko takardar zamana ba ta ƙare ba, sai na ce bari in gangara kudu in ga abin da yaran ajinmu suke ta zuzutawa. Na sauka Agadir tsakiyar Nuwamba 2023, ban bar wajen ba sai da azumi ya kama a Maris. Wurin da kowa yake zuwa sunansa Tagazut, ƙauyen masunta ne kamar kilomita 20 arewa da Agadir, kafin ka kai shi akwai Aurir inda ake sayar da ayaba a bakin titi, sai Tamragt, nan na zauna don ya fi arha kuma ya fi shiru. Mutanen wajen Barbar ne, Shilha suke yi a tsakaninsu, amma da Larabcin Maroko ko Faransanci ko ma Turanci za ka rayu.

Bari in fara gaya maka abin da ba wanda ya gaya min. Abin da kake gani a talabijin, tsayuwar nan, ita ce ƙaramar aba a cikin harkar. In ka shiga ruwa awa biyu, wallahi in aka haɗa duk tsayuwar da ka yi a kan allon da kyar ta kai minti ɗaya a makonnin farko. Sauran duk kwanciya ce rub da ciki kana tuƙi da hannu, ruwa ya mako ka baya, ka sake tuƙawa, ka zauna kana jira, ka ga ta taho ka juya ka makara, ka sake jira. Satin farko haƙarƙarina kamar an yi min dukan ɓarawo a kasuwa, ko dariya ba na iya yi, hannuna kuma in zan cire riga sai na yi dabara. To in ka san ba ka da haƙurin wannan ka riƙe kuɗinka.

Ɗan Fagge: Tab. Yaya Bazazzagi minti ɗaya fa ka ce? To a wata huɗun ina ka kai?

Bazazzagi: Ba zan yi maka ƙarya ba. Kwana uku na miƙe a kan kumfa, wato igiyar da ta riga ta fashe ta zama fara tana turo ka gaɓa, wannan kowa yana yi, har tsofaffin Turawa na ga suna yi. Amma kama igiya tun tana kore ba ta fashe ba, ka gangaro ta ka bi gefenta, wannan sai da na yi wajen sati bakwai. Ranar da ta fara yiwuwa da sassafe ne a bakin ruwan da ke ƙasan Tamragt, ba kowa sai ni da wasu mutum uku, na ji allon ya daina jijjiga ya yi shiru kamar mota ta bar burji ta hau kwalta, ina kallon bangon ruwa a gefen damana yana tafiya tare da ni, ban fi daƙiƙa shida ba na faɗi, amma ihun da na yi sai da wani mai raƙumin haya a bakin yashi ya juyo. Da zan taho ina iya hawan wadda ta kai ƙirjina in bi dama ba fargaba. Hagu har yau shirme nake. Shahararren wurin nasu kuwa da suke kira Anchor Point ko sau ɗaya ban shiga ba, kan dutse nake zama da shayina ina kallon masu abin, don wajen ba na ɗan koyo ba ne, shigarsa da fitarsa ta kan duwatsu ne.

'Yar Damagaram: Sannunku. Ni ban yarda da Maroko ba ga wanda zai fara, ruwansu sanyi gare shi. Ɗan Fagge ka zo Dakar. Shekarata biyar nan, kuma na koya a Yof, yashi ne shimfiɗe ba dutse, igiyar tana zuwa kullum. Garin kamar hanci yake ya shiga cikin teku, shi ya sa in gefen arewa ya lafa sai ka tsallaka gefen kudu ka samu, tafiyar minti kaɗan a taksi. Kuma kai ɗan Najeriya ba ruwanka da biza, fasfo ɗinka na ECOWAS ya ba ka kwana 90, daidai wata ukun naka ke nan. Ka dai riƙo katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan.

Bazazzagi: Maganar biza gaskiyarki ce Anti, ni takardar ɗalibi ce ta rufa min asiri. Ɗan Najeriya sai ya nemi biza a ofishin jakadancinsu na Abuja, kuma ka duba kwanakin da suka buga maka da kyau kafin ka biya kuɗin ɗaki na wata uku. Sanyi kuma akwai shi, ba musu. Kar ganin rana ya ruɗe ka, akwai wani ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga arewa ta gefen tsibiran Kanari, a Janairu ruwan yana sauka wajen digiri 16 ko 17. Dole sai da rigar roba, wetsut, mai kaurin milimita uku a jiki biyu a hannu da ƙafa. Ranar farko na saka tawa zif ɗin a gaba, ashe a baya yake, na fito ina taƙama yaran shagon suka kwashe da dariya har da riƙe ciki.

'Yar Damagaram: Hhhh kowa sai ya yi wannan. Nan ma daga Janairu zuwa Afrilu ruwan yana sanyi sai an sa robar, amma watan 10 da 11 da zai zo ɗumi gare shi, riga mai dogon hannu ta isa. Abu guda dai, kar wani ya zuga ka ka tsallaka tsibirin Ngor da wuri. Kwale-kwale ne minti biyar, wurin yana da kyau ƙwarai, igiyarsa ta yi suna a duniya, amma ƙarƙashinta dutse ne cike da bushiyar ruwa, wasu baƙaƙen abubuwa masu ƙaya. Na taka ɗaya a watana na biyu, ƙaya goma sha ɗaya a diddige, wata tsohuwa Balebuwa, 'yar ƙabilar Lebu masunta, ita ce ta zaunar da ni ta ciccire da allura tana min faɗa da Wolof ban ji ko kalma ba, sati biyu ina ɗingishi. Ka sayi takalmin roba na ruwa in za ka wajen dutse.

Kawu Mai Goro: Yanzu ke ma 'yar nan har da ke? Mace a cikin teku kan allo? Ikon Allah.

'Yar Damagaram: Kawu ku yi haƙuri, har da ni. Nan akwai wata Khadjou Sambe, 'yar Lebu ce ta Ngor, ita ce mace ta farko a Sanagal da ta mai da abin sana'a, kuma tana koya wa 'yan mata. Su Lebu masunta ne tun kaka da kakanni, yaransu a ruwa suke tashi kamar yadda namu suke tashi bayan awaki. Kuma Yof ɗin da nake faɗi garin 'yan ɗariƙar Layen ne, hubbaren Seydina Limamou Laye yana nan bakin yashin, ba a shigar banza a wajen, ni hakan ma ya sa na fi sakewa.

Maman 'Yan Biyu: Yawwa Anti dama abin da nake son tambaya ke nan na kasa. Ni ba tafiyar wata uku zan yi ba, maigidan ne zai je taro Dakar na ce sai na bi shi. Wace irin shiga kike yi? Don ni ba zan iya matsattsen abun nan haka kawai ba gaskiya

'Yar Damagaram: Maman 'Yan Biyu ba wuya. Dogon wando na ninkaya a ciki, sai riga mai dogon hannu da ta sauko har cinya, ta yadin da ba ya shan ruwa. In lokacin sanyi ne ki sa robar ki ɗora rigar a sama. Kai kuma hula ce ta ninkaya mai rufe wuya wadda take kama fuska da kanta. Abin da zan roƙe ki, kar ki shiga da hijabi mai faɗi ko mayafi, kar ki sa fil ko allura. Na gwada da ƙaramin hijabi ranar farko, igiya ta kifa ni ya naɗe min fuska, ban san sama ba ban san ƙasa ba, daƙiƙa kaɗan ne amma na ga lahira. Yadi mai yawa in ya jiƙe jan ki yake. Kuma ki ce mace kike so ta koya miki, akwai su, don malamin yana riƙe allon yana tura ki, kusa da ke yake tsayawa.

Ɗan Zangon Takoradi: Ku duka kuna wahalar da yaro. Ɗan uwa ka zo Gana. Busuwa, kilomita wajen 30 yamma da Takoradi, ka shiga trotro zuwa Agona ka ɗau taksi ka gangara. Ruwa da ɗumi shekara duka, ba roba ba komai, gajeren wando kawai. Yashi ne, igiyar ba ta da mugunta, Turanci ake yi, biza babu. In ka gaji da abincin bakin ruwa ka shigo zango mu ba ka waakye da koko da tuwon zafi, ka yi Juma'a da mu, Hausa za ka ji ko'ina kamar kana Sabon Gari. Manyan igiyoyi da damina suke zuwa, daga watan 5 zuwa 9, lokacin da za ka zo sun rage girma, kuma ai ƙanana kake nema. Wani abin ma, hunturun nan da yake fasa muku leɓe a Kano, in ya iso nan a Disamba daga tudu yake busowa zuwa teku, shi yake gyara igiyar ta tsaya sumul. Masu safin murna suke da shi.

Bazazzagi: Wannan magana ta iska ka riƙe ta Ɗan Fagge, ko'ina ka je haka take. Iskar da ta fito daga tudu tana tallafe igiyar, wadda ta fito daga teku tana rugurguza ta ta zama kamar ruwan wanki. Shi ya sa ake sammako, kafin rana ta gasa ƙasa iska ta juya. Ni tsarina a Tamragt, in yi asuba a masallacin unguwa, in sha shayi da burodi da amlu, wani abu ne kamar tunkuza da ake yi da almon da man argan da zuma, gari na wayewa ina cikin ruwa. Sai kuma cikar teku da janyewarta, sau biyu a yini, kusan awa shida shida, kuma kullum tana ƙara makara da wajen minti 50. Wurin da ya yi maka daɗi jiya ƙarfe takwas, bayan kwana huɗu ka zo ƙarfe takwas ka tarar ba komai. Abin da ya ba ni mamaki, da wata take tafiya, in wata ya tsaya ko ya kai sha huɗu sha biyar cikar ta fi yawa janyewar ma ta fi yawa. Ni da ban damu da kwanan watan Musulunci ba sai azumi ya matso, sai ga ni ina lissafinsa kullum saboda ruwa.

Kawu Mai Goro: To ko ba komai an samu wannan.

Ɗan Agege: Ni dai tawa shawarar, kafin ka sayi tikitin jirgi ka zo Legas ka yi kwana uku. Tarkwa Bay, jirgin ruwa ake shiga a je, minti ashirin haka. Cikin wajen katangar dutsen da aka yi wa tashar jiragen ruwa ta tare ƙarfin tekun, yara ƙanana ma suna hawa, akwai masu ba da hayar allo su koya maka. In ka sha ruwan gishiri kwana uku ka ji har yanzu kana so, to ka tafi duk inda za ka. In ka ji ba ka so ka ci kilishinka a Agege ka koma gida da kuɗinka. Na san mutum biyu da suka rantse za su iya, tun a jirgin ruwan suka fara amai. Amma kar ka zagaya ɗaya gefen wajen hasumiyar fitila, can ruwan ba ya wasa. Wajen ya canza tun da sojan ruwa suka tashi mazauna a Janairun 2020, amma ana zuwa har yanzu.

Likitan Zaure: Na ga ana ta zaɓen ƙasa an bar tambayar Kawu a baya, kuma ita ce babba. Ɗan Fagge, iyon kududdufi iyon kare ne, kai a sama ana dukan ruwa, mita goma ka kama gefe. Ba raini ba ne, ni ma shi na iya kafin in gyara. Watan 9 bai zo ba, ka samu wurin ninkaya na otal ko na filin wasa, ka je sau uku a sati har sai ka iya mita 200 ba tsayawa fuskarka a cikin ruwa, kuma ka iya tsayawa wuri ɗaya inda ƙafarka ba ta taɓa ƙasa na minti goma. Allon yana da igiya da ake ɗaura wa a idon sawu, talala ke nan, amma talala tana tsinkewa, ranar da ta tsinke hannunka ne kawai zai mai da kai.

Na biyu, wanda ya fi cin mutane a bakin teku ba kifi ba ne, wata hanyar ruwa ce. Duk ruwan da igiya ta turo gaɓa sai ya koma, to yakan haƙa wa kansa kwari ya bi da gudu zuwa ciki. Daga waje wajen ne ya fi kama da lafiya, ba kumfa, ya yi duhu ya kwanta, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. In ka ji ana jan ka ciki kar ka ce za ka yi kokawa da shi ka nufo gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi. Ka riƙe allonka, ka tuƙa ta gefe kamar mai bin layin gaɓar, ba shi da faɗi sosai, kana fita daga cikinsa kumfa za ta kawo ka. Kuma duk sanda ka faɗi ka rufe kanka da hannu biyu kafin ka ɗago, allonka ne ko na wani zai fasa maka goshi. Ka yi inshorar tafiya, ka karanta ka ga ta haɗa da wasan ruwa. Man kariya daga rana ma ka shafa, baƙar fata tana ƙonewa, bayan wuya da kunne da leɓe. Sannan tunda ka ce kududdufi, in ka taɓa fitsarin jini kana yaro ka je a duba tsargiya, wannan ba ruwansa da safin, kyauta ce na ba ka.

Ɗan Fagge: Likita ka gama da ni wlh. Mita 200 ko a mafarki ban taɓa ba. Na ji, zan fara ranar Asabar in sha Allah. To batun masauki fa da kayan aiki, in sayi allo tun daga nan ne ko yaya? Na ga wasu gidaje a intanet suna haɗa komai, ɗaki da abinci da malami

Bazazzagi: Kar ka sayi komai. Kuɗin ɗaukar allo a jirgi kaɗai ya ishe ka, kuma wanda za ka fara da shi ba shi za ka ƙare da shi ba. Ka fara da babba na soso mai ƙafa takwas ko tara, mummuna ne, ɗaukarsa ma wahala, yara za su wuce ka da nasu ƙanana masu tsini kana jin kunya. Ka daure. Ni na yi gaggawar komawa ƙarami a wata na biyu don in yi kama da masu abin, sati biyu ban kama igiya ko ɗaya ba, na mayar na karɓo soson nawa ba kunya. Wani dattijo mai gyaran allo kullum in na wuce sai ya ce min bishwiya bishwiya, wato sannu sannu. Haya a lokacin ina biyan wajen dirhami 100 a yini allo da riga, da na ce na wata nake so aka rage min sosai. Ka ɗau hoton allon ta ko'ina a gaban mai shi kafin ka fita da shi, an taɓa ɗora min kuɗin wani tsohon tsagu da ba ni na yi ba.

Gidajen nan masu haɗa komai kuwa, na faɗa hannun wani, ba zan kama suna ba. Na biya sati biyu tun ina Rabat, a hoto malami ɗaya mutum huɗu, da na zo mu goma sha biyu ne, malamin yana tsaye ruwa iya gwiwa yana ihu tashi tashi, ko sunana bai sani ba har na bar gidan. Da dare kuma kiɗa a saman bene har ƙarfe biyu, ni da nake son asuba. Akwai masu kyau a cikinsu ban ce babu ba, amma ka biya na kwana biyar kawai ka gani da idonka. Daga baya ɗaki na kama a gidan wasu mutane na wata wata, matar gidan in ta yi kuskus ranar Juma'a sai ta aiko min, na samu wani saurayi ɗan garin ina biyansa sau biyu a sati mu shiga ruwa mu biyu, sauran kwanakin in maimaita ni kaɗai. A wajensa na koyi abin da ya fi tsayuwa, wato zama a bakin yashi minti goma kafin a shiga, a ƙirga igiyoyi, don rukuni rukuni suke zuwa sai su lafa, a ga inda suke fashewa, a ga inda ruwa yake komawa.

'Yar Damagaram: Kuma ka koya masa ladabin layi, kar a mare shi

Bazazzagi: Af, na manta. Igiya ɗaya mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa shi ne mai ita, in ka ga ya miƙe ka janye ko da ka riga ka fara tuƙi. Na taɓa faɗo wa wani a gaba ban ma gan shi ba, muka yi karo, ya ɗago ya wanke ni tas da Shilha da Larabci da Faransanci, na ce masa smahli, wato yafe min, na ɗaga hannu, washegari shi ya nuna min inda zan zauna. 'Yan gari suna da haƙƙi, a nan aka haife su, kuma lokacin sanyi Turawa suna cika musu ruwa ba kaɗan ba. Suna alfahari da abin fa, Ramzi Boukhiam da ya wakilci Maroko a Olamfik na Tokyo da na Faris ɗan Agadir ne. In ka ƙware kaɗan ka je Imsuwan, awa ɗaya da rabi arewa, igiyar wajen a hankali take tafiya kuma doguwa ce har ƙafarka ta gaji, sai ka fito ka tako a ƙasa ka koma farko. Na je a Disamba na ci kifi gasasshe a wasu rumfuna a saman dutse, da na koma a Fabrairu babu su, hukuma ta rushe gine-ginen bakin ruwan a Janairun 2024.

Ɗan Zangon Takoradi: Duk wannan faɗan layin a Busuwa babu shi, ku biyar ne a ruwa wata ranar. Ina dai faɗa.

'Yar Damagaram: Kowa dai yana yabon rijiyar gidansu. Ni abin da zan ƙara, duk wadda ka zaɓa ka zauna nan. Kar ka ce wata ɗaya Gana wata ɗaya Dakar wata ɗaya Maroko. Kowane bakin ruwa da halinsa, sai ka yi sati uku kafin ka gane inda yake ja da inda yake turowa, kana ganewa kuma ka tashi ka koma baƙo a wani wajen, ga kuɗin jirgi tsakanin ƙasashen nan namu ya fi na zuwa Turai wani lokacin.

Maman 'Yan Biyu: Ni tambayata ta ƙarshe, sallah fa? Mutum yana cikin robar nan azahar ta yi

Bazazzagi: Cire ta ake yi Hajiya, ba ta da daɗin zama a jiki in an fito, kuma ta haya ce Allah kaɗai ya san abin da na gabanka ya yi a ciki, ni sai na ɗauraye jikina. Ki riƙe jarkar ruwan daɗi da babban tawul ko zani na canza kaya. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne hanci. Ruwan da ya shige miki lokacin faɗuwa yana samun wuri ya ɓuya, ba ki san yana nan ba. Ni ranar farko a sahun la'asar, awa biyar da fitowata, ina yin sujada sai ji na yi shaaa, ruwan gishiri ya zubo kan kafet ɗin masallaci kamar an buɗe famfo, na kusa da ni ya sallame ya dube ni ya dubi kafet ya ce safin? Na ce safin. Tun daga ranar da hankici nake shiga sahu. Da azumi ya kama kuwa na gwada kwana biyu na ga ba yadda za a yi in hana ruwa wucewa maƙogwaro, na haɗa kayana.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri jama'a, na rubuta komai. Ga yadda na tsara, ninkaya daga Asabar har ƙarshen watan 9, sai Legas kwana uku wajen Ɗan Agege, in ban yi amai ba in wuce. Zuciyata ta fi karkata Dakar saboda biza da ɗumin ruwa, Yaya Bazazzagi ka yafe ni, Ɗan Zango kai ma. Anti zan yi miki magana ta gefe kan unguwar da ɗaki ya fi sauƙi kusa da Yof.

Ɗan Zangon Takoradi: Za ka dawo ne. Waakye tana jiranka.

Kawu Mai Goro: Ɗan nan, duk na ji. Ka gaya wa Hajiyarka inda za ka da abin da za ka yi?

Ɗan Fagge: Kawu na ce mata kwas zan je na wata uku

Kawu Mai Goro: Kwas. To gobe bayan la'asar zan biya ta gidan, ka tabbata kana nan.